Agogo na cewa 14.7, rikod na cewa 15.1: ina laifin yake a wayoyin sensa?

Tambaya: Na ɗaura sensar waidban a salansar motata, mai auna rabon iska da fetur, wato AFR, na jawo wayarta ta analog zuwa na'urar saita inji ta hannu domin in riƙa naɗar bayanai. Ramin na'urar irin na FireWire ne mai haƙora shida, sai na sayi kebul na gama-gari, na yanke shi biyu, na bi launukan da na gani a wani zane. Littafin sensar ya ce 0 V daidai yake da AFR 10, 5 V kuma daidai da 20. A silo agogonta yana nuna 14.7, rikod yana nuna 15.1, kuma da fankar lagireto ta tashi sai rikod ya haura 15.5 alhali agogo bai motsa ba. A layin analog na biyu na sa sensar matsin baƙin mai, amma lambarsa tana yawo ko da na cire sensar. Na rage 0.4 a lissafin, ya dace na ɗan lokaci, ya sake kaucewa. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka mayar da 0.4 ɗin nan da ka rage. Ba a nan gizo yake saƙa ba. Muddin kana taɓa lissafi domin lambobi su yi daidai, sawun matsalar kake shafewa da hannunka, kuma ita matsalar tana nan inda take. Bayanin da ka bayar ya kusa faɗin amsar da kansa, musamman maganar fanka.

Na'urarka ba ta san wani abu wai shi AFR ba. Abin da take aunawa ɗaya ne tak: bambancin ƙarfin wuta tsakanin haƙorin sigina da negetib ɗinta. Shi ma akwatin waidban, wanda ke karanta sensar yana mayar da awonta wuta, yana fitar da wutarsa ne bisa nasa negetib. Idan negetib ɗin nan biyu ba a matsayi ɗaya suke ba, to kamar mutum biyu ne suna auna tsayin bango guda, ɗaya ya kafa awonsa a kan daɓe, ɗaya ya kafa nasa a cikin rami. Kowa zai rantse awonsa daidai ne, kuma kowa ya faɗi gaskiya. Mu mayar da lambobinka zuwa wuta ka gani. A lissafin littafinka, kowane 1 V yana ɗauke da AFR 2, wato ka ninka wutar sau biyu ka ƙara 10. Ke nan 14.7 shi ne 2.35 V, 15.1 shi ne 2.55 V, 15.5 kuma 2.75 V. Na'urarka tana ganin rarar 0.2 V a silo, rarar ta koma 0.4 V idan fanka ta tashi. Kuskuren lissafi ba ya sanin ko fanka tana aiki. Kuskuren negetib kuwa shi ne sana'arsa ke nan.

Daga ina rarar take fitowa? Sensar waidban, irin su Bosch LSU 4.9 da yawancin akwatunan nan ke amfani da ita, tana da hita a ciki, domin ba ta aiki sai ta yi zafi sosai. Hitar tana jan amfiya ɗaya zuwa biyu, ta fi ja lokacin ɗumama, kuma duk wutar nan ta wayar negetib take komawa. Siririyar wayar tagulla mai lamba 22 AWG tana da turjiya kusan 0.053 Ω (om) a kowace mita guda ta tsayi. Mita biyu sun ba ka kusan 0.1 Ω, amfiya biyu su bi ta ciki, ga 0.2 V nan ta tsaya a kan wayar. Ba ka ma ƙidaya noti mai tsatsa ko fentin da ba a kankare ba. Ita kuwa na'urar saita inji tana ɗaukar nata negetib ne daga soket ɗin OBD-II, inda ake jona na'urar binciken mota, haƙori na 4 na jikin mota da na 5 na sigina, wutarta kuma daga haƙori na 16. Hanya daban ce gaba ɗaya. Idan fanka ta tashi, amfiyoyi masu yawa suka bi ta jikin mota suna komawa batir, wurin da ka ɗaure negetib ɗin waidban yana ƙara ɗagawa sama da wancan, tazarar ta ƙaru.

Ina so ka fahimci abin da ya sa nake ɗaukar wannan da nauyi. A wurinka kuskuren ya karkata zuwa sama, rikod yana cewa fetur ya yi kaɗan alhali ya isa. Wanda ya yarda da shi zai ƙara fetur, inji ya sha mai fiye da ƙima, filogi ya yi baƙi, asarar ba ta wuce nan ba. Amma da negetib ɗin na'urar ne ya ɗaga, kuskuren juyawa zai yi: rikod ya ce fetur ya yi yawa, ka rage, ka taka totur har ƙasa a injin da ke ƙishirwar mai. A mota mai turbo haka ake narkar da fistan. Waya guda ce ke raba waɗannan biyun, kuma agogo ba zai gaya maka ba idan idonka na kan rikod.

To ga yadda nake bin irin wannan aiki, kuma ban taɓa farawa daga sensa ba.

Ka shiga saitin na'urar ka sa layukan biyu su nuna tsurar wuta, 0 zuwa 5 V, babu wani lissafi a kai. Da lambar da mitar auna wuta za ta iya gaskatawa ko ƙaryatawa ake bincike. Sannan ka koma kan kebul ɗin da ka yanke, domin a nan ina da babban zargi. Wasu na'urorin hannu, kamar na SCT, siffar ramin FireWire kawai suka ara, abin da ke bin haƙoran nasu ne na kansu. Launin wayoyin ciki kuwa kowane mai ƙera kebul da yadda ya ga dama. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a kebul ɗin FireWire na ainihi mai haƙora shida a kowane kai, wayoyin bayanai biyu-biyun nan a giciye suke tsakanin kai da kai. Wayar da ta shiga haƙori na 3 a wannan kai, a na 5 take fita a wancan, ta 4 kuma a na 6. Idan ka yanke shi biyu, launi ɗaya yana zuwa haƙori daban a kowane rabi. Mai zanen da ka bi zai iya kasancewa ya faɗi gaskiya game da rabin da ke hannunsa, kai kuma ɗaya rabin ka ɗauka. Don haka ka ajiye launi gefe. Ka zare kebul, ka sa mita a wurin da take yin ƙara idan waya ba ta katse ba, ka bi kowace waya ɗaya bayan ɗaya har haƙorin da take fita, ka rubuta a takarda. Ka kuma duba ko zanen littafin na'urar yana nuna kanekta ne ta fuskarta ko ta bayanta inda wayoyi ke shiga, domin ɗaya madubin ɗaya ne, haƙorin dama ya koma hagu. Inda aka buga lambobi a jikin robar, su ne abin bi. Wayoyin da ba ka amfani da su, ka rufe bakin kowace ita kaɗai, saboda wasu na'urorin suna fitar da wuta a ɗaya daga cikin haƙoran, kuma idan 12 V ta taɓa layin da aka yi domin 5 V, layin zai iya tafiya ba dawowa.

Launi yana yaudara har a wajen akwatunan waidban ɗin kansu. A AEM X-Series farar waya ce sigina, ruwan ƙasa kuma negetib ɗin sigina. A Innovate MTX-L rawaya ce sigina ta farko, ruwan ƙasa sigina ta biyu ce, fara kuma ta rage hasken agogo ce idan an kunna fitila. Wanda ya saba da ɗaya ya kama ɗaya da ka, zai ɗaure wayar fitar da sigina a negetib yana ganin ya yi daidai.

Da ka san haƙoranka, sai ka gwada na'urar ita kaɗai, babu sensa ko ɗaya a jiki. Ka haɗa wayar layi na farko da negetib ɗin analog na kebul ɗin: dole rikod ya sauka 0 V ko abin da bai wuce 'yan mV ba (mV ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na 1 V). Sannan ka ɗauko ƙaramin batir AA, ka auna shi da mita, sabo yakan ba da kusan 1.6 V, ka sa kansa a wayar sigina, gindinsa a negetib ɗin analog. Abin da mita ta faɗa shi ya kamata rikod ya faɗa. Na'ura mai bit 10 tana raba 5 V gida 1024, kowane gida kusan 4.9 mV, mai bit 12 kuma gida 4096, saboda haka saɓanin 0.01 ko 0.02 V ba abin damuwa ba ne, amma 0.1 V magana ce. Ka maimaita a layi na biyu. Wannan gwajin na minti biyar yana wanke na'ura da kebul gaba ɗaya, ko ya kama su dumu-dumu, kuma yana tabbatar maka cewa layin da kake kira na farko shi ne na farko a rikod.

A nan ne za ka samu amsar lambar da ke yawo a layi na biyu. Layin analog da ba a haɗa shi da komai ba ba ya nuna sifili. Turjiyar shigarsa tana da yawa ƙwarai, sai ya zama kamar eriya, yana kwasar duk abin da ke kusa. Sau da yawa ma na'ura ɗaya ce a ciki take zagaya layukan tana aunawa bi da bi, ragowar cajin layi na farko ya biyo ta zuwa na biyu, sai ka ga layin da babu komai yana kwaikwayon maƙwabcinsa. Yawo bayan ka cire sensa ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ka ce yana yawo ko sensar tana jiki, ma'ana haɗa ta da cire ta duk ɗaya ne, wato siginarta ba ta isa haƙorin kwata-kwata, ko kuma sensar ba ta samun wuta. Zan dawo kanta.

Yanzu ka mayar da waidban, ka tada inji, ka bar shi ya ɗumama. Ka auna wayar sigina sau biyu. Na farko, baƙin tsinken mita a kan negetib ɗin akwatin waidban, dab da akwatin: idan agogo na kan 14.7, kusan 2.35 V za ka gani. Na biyu, baƙin tsinke a kan negetib ɗin analog na na'ura: ina sa ran kusan 2.55 V. Sai ka juya mita zuwa mV, ka sa tsinke ɗaya a wannan negetib, ɗaya a wancan, ka sa wani ya kunna fitilun gaba, da iyakwandishan, da hitar gilashin baya, kana kallo. Lambar da ke hawa a mitar ita ce kuskurenka tsirara. Ni a aikina ba na yarda da abin da ya wuce 20 zuwa 30 mV da duk kayan wuta a kunne. Kada ka ce ai ka gwada negetib da ƙarar mita ta yi ƙara. Mitoci da yawa suna ƙara ko da turjiya ta kai om goma ko fiye, mu kuwa kashi ɗaya cikin goma na om muke farauta. Negetib sai wuta na bi ta cikinsa yake nuna halinsa.

Gyaran ya danganta da irin akwatinka. Idan yana da wayar negetib ta sigina daban da ta wuta, to an sauƙaƙa maka: ta sigina ta tafi kai tsaye zuwa negetib ɗin analog na na'ura, kafaɗa da kafaɗa da wayar sigina, a murɗe su tare, kada ta taɓa jikin mota a ko'ina. Ta wuta kuma ta tafi jikin inji ko negetib ɗin batir da waya mai kauri, 18 AWG ko wadda ta fi ta kauri. Idan negetib ɗaya ne kawai, ka gajarta shi iya yadda za ka iya, ka ɗaure shi a ƙarfe tsirara da aka kankare, sannan ka jawo negetib ɗin analog na na'ura zuwa wannan wayar, kusa da akwatin, ba wani noti daban ba ko da taƙi ɗaya ne tsakaninsu. Sai dai ka kula da abu guda: a na'urori da yawa negetib ɗin analog a haɗe yake ta ciki da na OBD, don haka idan babban negetib ɗin waidban ya saki, wutar hita za ta nemi hanya ta siririyar wayar kebul ɗinka ta ratsa cikin na'ura. Shi ya sa babban ɗaurin sai ya zama mai ƙarfi, da wasa da noti a matse. Tunda fanka na motsa lambarka har 0.2 V, ka duba kebul ɗin da ya haɗa batir da jikin mota da wanda ya haɗa inji da jiki. Ina kyautata zaton ɗayansu ya yi tsatsa ko ya saki. Idan kuma kana haɗa laftof da na'urar, ka cire cajarsa daga wutar mota lokacin naɗa, domin ita ma wata hanyar negetib ce ta uku.

Sensar matsin baƙin mai mai waya uku tana son 5 V, da negetib, da sigina. Yawancinsu suna ba da 0.5 V idan babu matsi, 4.5 V a ƙarshen awonsu, saboda haka gwajinta mai sauƙi ne: makulli a kunne, inji a kashe, ka nemi 5 V tsakanin wayoyi biyu na wuta a bakin kanektar sensar, ka nemi 0.5 V a sigina. Idan 0.5 V tana nan a bakin sensa amma babu ita a bakin na'ura, waya ta katse ko tana kan haƙorin da ba nata ba. Idan babu 5 V, ka samu dalilin. Inda za ka samo 5 V ɗin ma abin tunani ne, domin waɗannan sensoshi siginarsu tana bin wutar da aka ba su: ka ba ta 4.75 V, duk abin da za ta faɗa ya ragu da kashi 5 cikin ɗari. Cajar USB ba ta dace ba, ƙa'idar USB 2.0 ta asali ta yarda wutar ta kasance ko'ina daga 4.75 zuwa 5.25 V. Aro daga 5 V na ƙwaƙwalwar inji yana ba da wuta mai kyau, amma layin nan shi ke ciyar da sensar totur da wasu sensoshin, wayarka na gogar ƙarfe sai mota ta mutu a kan titi. Idan na'urarka tana fitar da 5 V nata, shi ya fi, in ba haka ba ka sa ƙaramin regiuleta na musamman, negetib ɗinsa a wuri ɗaya da na analog. A sensa mai awon 100 psi kowane 1 V shi ne psi 25, ka ga rarar 0.2 V ɗin nan a nan ma psi 5 ce ta ƙarya. Idan kuwa sensarka mai waya ɗaya ko biyu ce, irin ta agogon dashbod, turjiya take canzawa, ba ta fitar da wuta, kuma ba za ta yi magana da layin analog ba sai an sa mata rizista mai jan layin zuwa 5 V. Haka sensoshin zafi suke, irin na Bosch mai 2.5 kΩ a digiri 20, su kuma lissafinsu ba miƙaƙƙen layi ba ne, sai da tebur.

Akwai laifin da duk gwajin nan ba ya kamawa a tsaye, sai mota na tafiya. Na taɓa shafe yini a kan motar da rikod ɗinta ke faɗuwa sifili na ƙiftawar ido duk lokacin da aka canza giya. Wayoyi lafiya, negetib lafiya. Ashe wani ya taɓa cusa tsinken mita ta gaban kanekta, bakin haƙori na mace ya buɗe, yana taɓawa amma ba ya riƙewa, inji na girgiza sai ya saki. Tun daga ranar ba na gwada kanekta sai ta baya, da siririyar allura. Ka bar rikod yana tafiya, ka riƙa girgiza waya gaɓa-gaɓa, ka ja kowace a hankali ta bayan kanekta ka ga ko haƙori zai biyo ta. Haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, da 'yan maƙalan nan masu cizon waya ta cikin roba, ka cire su duka, ka matse da filayar da aka yi domin haƙorin, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Idan kuma abin da kake gani ƙananan tsalle-tsalle ne masu ƙaruwa da gudun inji, ka duba inda wayar ta bi: ta nisanci kwayil, da wayoyin filogi, da altaneta. Waya mai raga tana taimakawa, amma ragar a gefe ɗaya kawai ake ɗaure ta, wajen na'ura.

Sai bayan wutar da mita ta gani a bakin akwati ta zama ita ce rikod ke gani, sannan ka mayar da lissafi, kuma kada ka tabbatar da shi a silo kawai. Ga dalili. Akwatunan Innovate suna fitowa da 0 V a kan 7.35, 5 V a kan 22.39. Wanda ya ɗora wannan lissafi a kan akwati irin naka zai ga 14.4 a silo maimakon 14.7, ya ce ai sun yi kusa. Amma a cikakken totur, inji na kan 13.0, wato 1.5 V, rikod zai nuna masa kusan 11.9, ya ɗauka yana cikin aminci. AEM X-Series kuma nasa daban ne, ana ninka wutar da 2.375 a ƙara 7.3125, yana aiki tsakanin 0.5 da 4.5 V. Saboda haka ka kwatanta agogo da rikod a wuri biyu masu nisa da juna, ɗaya a silo, ɗaya inda fetur ya yi yawa, kamar 12 ko ƙasa. Ka sa wani ya ɗauki bidiyon agogon, kai idonka na kan hanya. Tazara iri ɗaya a wuraren biyu, mai motsi da kayan wuta, negetib ne. Tazarar da ke buɗewa a gefe ɗaya tana rufewa a ɗaya, lissafi ne. Idan akwatinka da na'urarka duka suna jin CAN, wato hanyar da na'urorin mota ke aika wa juna bayanai a matsayin lambobi, wadda ke kan haƙori na 6 da na 14 a OBD-II, wannan hanyar tana kai lambar yadda take, tazarar negetib ba ta canza ta, kuma ni ita nake zaɓa duk inda ta samu.

Har sai ka kammala wannan, kada ka canza teburin fetur bisa rikod ɗin da ke hannunka, kuma duk canjin da ka riga ka yi da shi ka mayar. Idan ka yi gwajin abin bai warware ba, ka turo mini lamba huɗu: abin da rikod ya nuna da batirin AA da abin da mita ta nuna, mV ɗin da ke tsakanin negetib biyu da fanka a kunne, da wutar da ka samu a wayar siginar baƙin mai lokacin da inji yake a kashe.